Shingen lantarki na ƙarƙashin ƙasa domin tsare kare: ina neman shawara kafin na binne waya

Bakatsine a Ohio

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu, ko suka ga yadda ya kasance a gidan wani.

Ina zaune da iyalina a wajen birnin Columbus na jihar Ohio, a gida mai fili kusan eka 2, kuma muna ɗan kiwon kaji a baya. Saboda kajin da kuma nisan da ke tsakaninmu da maƙwabta muka ɗauki kare domin gadi, irin makiyayin Jamus, watansa 8 yanzu, kuma ɗakinsa yana waje kusa da gareji. Gidan ba shi da katanga ko shinge, kamar yawancin gidajen wannan yanki, ga kuma titi a gabansa wanda motoci ke sharara gudu a kai. Tunda karen ya fara tasawa, da zarar ya hango barewa ko kurege sai ya bi, kuma ko ana kiransa ba ya waiwaye. Ɗaure shi da sarƙa yini guda bai kwanta mini a rai ba, kuɗin da aka yanka mini na kewaye filin da shingen katako kuwa ya fi ƙarfina a halin yanzu.

Wani maƙwabcina ya nuna mini abin da yake amfani da shi: waya ce aka binne a kewayen filinsa, karen kuma yana sanye da wani abin wuya mai batir, wanda ke yin ƙara idan ya kusanci iyaka, idan ya ƙi komawa kuma ya ji ɗan jan wuta. Ina so na sani ko mutum zai iya shimfiɗa wayar da kansa ba tare da ya kira kamfani ba, da kuma yadda ake horar da karen har ya gane iyakar. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai, ni da mai ɗakina, shi ne haƙƙin dabbar. Ba ma so mu ɗauki alhakinsa ta hanyar azabtar da shi da sunan kare shi daga mota. Allah ya ba da ikon taimakawa.

Mai Aikin Waya

Wa alaikumus salam, Malam. Aikin wutar lantarki nake yi a nan Amurka, kuma na shimfiɗa irin wannan waya a gidana da gidajen wasu abokai, don haka zan yi magana a kan shimfiɗawar, na bar maganar lafiyar kare ga masanta.

Da farko ka kwantar da hankalinka game da wayar kanta, domin ba ta ɗauke da wutar da za ta ja mutum ko dabba, ko da yaro ya tono ta ya riƙe. Akwatin da ake jonawa a soket cikin gareji sigina ce ta rediyo mai rauni yake turawa ta cikin wayar, abin wuyan shi ne ke jin siginar, kuma daga ɗan batirin da ke jikinsa ne jan wutar ke fitowa. Dabarar ta daɗe: wani ɗan kasuwa a jihar Pennsylvania mai suna Richard Peck ne ya ƙirƙiro ta a 1973, daga nan aka samu kamfanin Invisible Fence, wanda ma'aikatansa ke zuwa su yi aikin su kuma taya horo. Su PetSafe da SportDOG kuwa suna sayar da kayan a kwali domin mutum ya haɗa da kansa, kuma wanda ya iya riƙe shebur ya iya bin takardar bayani zai iya.

Kafin ka taɓa ƙasa, ka kira lambar 811, wadda ta nan ake sanar da kamfanonin da ke da wayoyi da bututu a ƙarƙashin ƙasa. Kyauta ne, kuma a Ohio ana buƙatar a sanar da su aƙalla kwana 2 na aiki kafin haƙa, su zo su yi alama da fenti da ƙananan tutoci: ja ga wutar lantarki, rawaya ga gas, ruwan lemo ga wayoyin sadarwa, shuɗi ga ruwa. Sai dai layukan kamfanoni kawai suke nunawa. Idan akwai wayar da tsohon mai gidan ya ja zuwa ɗakin kaji, ko bututun ban ruwa, kai ne za ka nemo inda suka bi. Amfanin wannan alama bai tsaya ga gudun sare bututu ba. Idan wayar shingen ta bi gefe da gefe da wayar wuta ko ta talabijin a kusa, siginar kan tsallaka ta bi waccan wayar har cikin gida, kare yana kwance a inda ya kamata ya samu lafiya sai ya ji an ja shi. Saboda haka ka bar tazarar ƙafa 10 tsakaninsu idan da hali, inda ya zama dole su haɗu kuma ka gitta ta kai tsaye.

Wayar da ke zuwa a kwali yawanci ƙafa 500 ce, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na eka ba, kuma siririya ce mai lamba 20. Filinka na eka 2 zai ci kusan ƙafa 1,200 idan yana da kusurwa huɗu daidai, don haka ka sayi 1,500, kuma ka nemi mai kauri, lamba 16 ko 14, wadda aka yi domin binnewa. Sanyin Ohio yana daskarar da ƙasa ya kuma sake ta, ƙasar tana motsi, siririyar waya kuma ba ta jure wannan shekara da shekaru. Dole wayar ta fita daga akwatin ta zagaya ta dawo cikinsa ba tare da yankewa ba. A kusurwoyi kada ka karya ta, ka lanƙwasa ta a hankali, domin kusurwa mai kaifi tana rikita siginar a wurin. Daga gareji zuwa bakin iyaka kuwa, wayar da ke fita da wadda ke dawowa ake murɗe su tare, murɗi 10 zuwa 12 a kowace ƙafa, sai siginar ɗaya ta kashe ta ɗayar, kare ya rinƙa wucewa ta kansu lafiya. Mutane da yawa suna ɗauka za su iya jona guntun murɗaɗɗiyar waya a tsakiyar zagayen domin su buɗe wa kare ƙofa. Hakan ba ya aiki, wurin zai ci gaba da ja.

Shawarar da na fi so ka riƙe ita ce kada ka binne komai sai ka gwada. Ka shimfiɗa wayar a saman ciyawa, ka kunna akwatin, ka riƙe abin wuyan a tsayin wuyan karenka, ka zagaya filin gaba ɗaya kana sauraron inda ƙarar ke farawa, sannan ka shiga da shi gareji da ɗakin karen da kewayen gidan ka tabbatar ba ya yin ƙara a can. Akwai maɓallin da ke ƙara faɗin siginar ko rage shi. Ga babban kare mai gudu, a ce ƙarar ta fara tun yana ƙafa 8 zuwa 10 daga wayar, domin siririn layi da tsalle ɗaya zai wuce shi. Ta ɓangaren titi kuma ka janye wayar ciki sosai, kada ka bi ainihin iyakar filinka. Bayan haka binnewar ba ta da wuya, inci 1 zuwa 3 ya isa, tsaga ƙasa kawai ake yi da bakin shebur a tura wayar a taka. Inda za ta ratsa simintin shigar mota, ka bi tsagar da magina suka bari, ka cike da abin toshe tsaga. Duk inda ka jona waya biyu, ka yi amfani da majonin da ke da man hana ruwa a ciki, domin salatif ba ya daɗewa a ƙasa mai laima. Kada kuma ka manta da na'urar kare akwatin daga tsawa, tunda doguwar waya a fili tana janyo ta.

Likitar Dabbobi

Malam Bakatsine, na ji daɗin yadda kuka sa haƙƙin dabbar a gaba, kuma bayanin Injiniya a kan waya daidai ne. Sai dai ina so ku sani tun yanzu cewa wayar ba ita ce ke tsare kare ba, horon ne ke tsare shi, kuma karnukan da na ga wannan na'ura ta cutar da su yawancinsu an ɗaura musu abin wuyan ne aka sake su a fili su gano iyakar da kansu. Kare da aka yi wa haka bai san daga ina zafin ya zo ba, bai kuma san inda zai gudu ya tsira ba. Wasu sukan ƙi fita tsakar gida gaba ɗaya, wasu kuma sukan danganta zafin da abin da suke kallo a lokacin, ko mai kawo wasiƙa ne ko yaron maƙwabta a kan keke, su fara yi masa gurnani. Ga karen gadi mai girma irin naku, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ba zan ɓoye muku ba, jan wutar an yi shi ne domin ya ba kare rashin daɗi, in ba haka ba da bai hana shi komai ba. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2021, ta ba da shawarar a horar da karnuka ta hanyar lada, a guji hanyoyin da ke dogaro da zafi ko tsoro. Akwai kuma binciken da aka yi a garinku, wanda masana daga Jami'ar Jihar Ohio suka wallafa a 2017 bayan sun tambayi mutane 974 masu karnuka 1,053: kashi 44 cikin 100 na karnukan da ke cikin shingen lantarki sun taɓa tserewa, alhali a cikin masu shinge na zahiri kashi 23 ne. Dalilin a fili yake. Idan kare ya hango barewa jininsa ya hau, yakan ratsa layin a guje ya shanye zafin na ɗan lokaci, amma idan ya huce ya dawo yana tafiya a hankali, sai abin wuyan ya ja shi a hanyar shiga, ya tsaya a waje, a bakin titin da kuke gudu.

Idan duk da haka kun ga ita ce hanyar da za ku iya, to ku ba horon aƙalla mako 2, sau 2 ko 3 a rana, kowane zama minti 10 zuwa 15, kuma a tsawon wannan lokaci kada a sake shi a filin ba igiya. Ku kafa tutocin da ke zuwa da kayan a daidai inda ƙarar ke farawa, ƙafa 10 tsakanin kowace biyu, domin su ne abin da idonsa zai riƙe. A kwanakin farko ku kashe jan wutar ku bar ƙara kawai. Igiyar a jikin wani abin wuya na daban za ku ɗaura ta, domin idan aka ja na lantarkin, ƙarafuna biyu da ke jikinsa, masu taɓa fata, suna danna maƙogwaronsa. Ku taka da shi zuwa tuta, da ƙarar ta tashi ku juya da shi cikin fili da sauri da fara'a, ku ba shi ɗan nama ku yaba masa. Abin da ake so ya zauna masa shi ne cewa ƙara tana nufin a koma baya, kuma komawa baya tana da lada. Sai kun ga yana juyawa da kansa kafin ku ja igiya za ku kunna jan wutar, daga mataki mafi ƙasa. Alamar da ake nema ita ce ya ɗaga kunne ko ya juya kai kamar ƙuda ya taɓa shi. Idan ya yi kuka, ko ya maƙale wutsiya, ko ya ƙi matsowa wajen tutoci washegari, an wuce gona da iri, sai a rage a koma baya. Bayan haka ne ake gwada shi da abin da ke jan hankalinsa, a jefa ƙwallo ta wuce layi, ko wani daga cikin yara ya tsallaka ya yi tafiyarsa, amma kada kowa ya kira shi daga waje, domin hukunta kare a kan amsa kiran mai gidansa yana rushe amincin da ke tsakaninsu. Tutocin kuma ba rana ɗaya ake cire su ba, ana zare ɗaya a bar ɗaya har su ƙare.

Watanni 8 sun isa, tunda masu ƙera kayan da kansu sukan ce a jira wata 6. Gashin wuyan irin karenku yana da kauri, don haka dogayen ƙarafunan za ku sa, kuma a ɗaure yadda yatsa ɗaya zai shiga tsakanin ƙarfen da fata. Kada ya wuce awa 12 a wuyansa a rana. Gyambon da ake kawo mana a wuyan karnuka, wanda masu su ke zaton ƙunar wuta ce, yawanci dannawar ƙarafunan ce a wuri ɗaya kwana da kwanaki, ga gumi ga datti. A duba wuyan kullum, a wanke shi da ƙarafunan duk mako.

Ra'ayina a kan gidanku shi ne ku kewaye ɗan wuri kusa da ɗakinsa da ragar ƙarfe, wadda ba ta kai katako tsada ba, ya zama nan yake kwana kuma nan yake zama idan ba kowa a gida, wayar kuma ta zama ta lokacin da kuke waje tare da shi. Wayar ba ta hana komai shigowa, kuma koyote, wato karnukan daji masu kama da dila, suna ko'ina a Ohio, ga kaji kuna kiwo. Dokar jihar kuma tana ɗora wa mai kare alhakin ɓarnar da karensa ya yi, ko da bai taɓa cizon kowa ba a baya.

Yayarku a Cardiff

Ƙanina, ƙarin da zan yi gajere ne, domin masu karanta wannan tattaunawa daga wasu ƙasashe. A nan Wales, tun 2010 doka ta haramta sanya wa kare ko kyanwa abin wuya mai jan wuta, kuma haramcin ya haɗa da na shingen ƙarƙashin ƙasa, don haka wanda ya sayo kayan ta intanet ya ɗaura wa karensa ya karya doka. A Ingila kuwa, lokacin da gwamnati ta bayyana niyyar hana irin wanda ake latsawa da rimot a 2018, ta cire na shinge daga ciki, bisa hujjar cewa yana hana dabbobi faɗawa titi. Maƙwabta biyu ke nan da suka dubi abu ɗaya suka yanke hukunci daban, kuma ni ina ganin damuwar mai ɗakinka tana da tushe. Da ni ce, da na fara da ragar da Likita ta ambata, na ƙara da koya masa amsa kira da doguwar igiya, na ga iya inda hakan zai kai ni kafin na sayi na'urar.

Manomi daga Kura

Na karanta da sha'awa domin na taɓa tunanin sa irin wannan a gonata, amma bayanin Injiniya ya nuna mini cewa shingen yana raye ne muddin akwatin yana samun wuta. A wurinmu da ake ɗauke wuta ba sanarwa, sai an haɗa shi da sola ko inbata, ga kuma kayan Amurka da aka yi su domin wuta mai ƙarfin 120 alhali tamu 230 ce, ga neman batirin abin wuyan duk bayan 'yan watanni. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne karnukan da ke yawo ba mai su, waɗanda wayar ba za ta tare ba, kuma ta wurinsu ne ciwon haukan kare ke shigowa. Ina tambayar Injiniya, a can Amurka idan guguwa ta katse wuta, ko wayar ta tsinke a ƙasa, ta yaya mai gida zai sani kafin karen ya riga shi sani?

Mai Aikin Waya

Tambayarka tana kan hanya, Alhaji. Idan wayar ce ta tsinke, akwatin yana yin ƙara a gareji ya kuma canja fitila, kuma akwai ɗan abin neman tsinkewa da ake bin layin da shi har a kai inda siginar ta ɗauke. Wurin da aka fi samun matsalar shi ne inda aka jona waya, ko inda aka yi shuka ko gyaran gefen ciyawa. Idan wuta ce ta ɗauke, akwatin da ba shi da batirin ajiya shiru kawai zai yi, shi ya sa nake jona nawa a irin batirin da ake sa wa kwamfuta. Batirin abin wuyan ne ya fi yaudarar mutane, domin yakan mutu ba wanda ya lura, kuma akwai karnukan da ke tsayawa inda ƙarar ke tashi har su ji ta daina. Ni a farkon kowane wata nake ɗaukar abin wuyan na taka zuwa layi na ji ƙararsa da kunnena. A lokacin dusar ƙanƙara mai yawa ma a sake gwadawa, tunda kare yana tafiya a saman tudun ƙanƙara ya yi nisa da wayar.

Bakatsine a Ohio

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun zauna da mai ɗakina mun karanta, kuma mun tsayar da cewa ragar ƙarfe za mu fara kafawa a kewayen ɗakinsa a wannan wata, wayar kuma sai ƙasa ta saki bayan sanyi, kuma zan janye ta daga titi kamar yadda Injiniya ya ce. Saura tambaya ɗaya ga Likita: idan ya riga ya koyi cewa ba a tsallake layi, yaya zan fita da shi yawo ko na kai shi asibiti ba tare da na rikita masa abin da ya koya ba?

Likitar Dabbobi

Malam, a makonnin horo kada ku taka da shi ta kan layin ko kaɗan. Ku cire abin wuyan ku bar shi a gida, ku sa karen a mota tun daga cikin fili, ku fita da shi. Kuma ku tabbata kun cire ɗin, domin mota ba ta tare siginar. Idan horon ya zauna, bayan wata guda ko fiye, sai ku zaɓi wuri ɗaya tak, misali bakin hanyar mota, ya zama nan ce ƙofarsa. Kullum tsarin ya zama iri ɗaya: a cire abin wuyan lantarki, a ɗaura igiyar yawo, a tsaya a wurin, ku faɗi kalma ɗaya da kuka ware domin wannan kawai, sannan ku wuce tare yana gefenku, a dawo ma ta nan. Da farko zai iya turjewa, kada ku ja shi da ƙarfi, ku lallashe shi da nama har ya taka da kansa. Yaran gida ma a koya musu cewa ba mai fita da shi ta wani wuri. Kafin ku fara duk wannan, ku sa likitanku ya dasa masa ɗan guntun shaidar nan da ake sawa a ƙarƙashin fata, ku kuma tabbata lasisinsa na ƙaramar hukuma yana rataye a wuyansa, wanda a Ohio wajibi ne ga duk karen da ya wuce wata 3 kuma ana sabunta na shekara kafin ƙarshen Janairu, domin idan ya taɓa ratsa layin, da su ne wanda ya tsince shi zai gano gidanku.